Shaidar da Ubana Ya Bayar a Kaina

Abbasiya, Alƙahira
Talata, bayan la'asar

Zuwa ga Sawsan 'yar Ustaz Abdulgaffar, sanyin idona, inuwar da nake gudu in fake in rana ta tsaya a tsakar ka! Ke da in kin ratso layinmu har direbobin ƙananan bas sukan manta da hon! Farin wata a kan kogin Nilu, iskar yamma mai shigowa ta tagar kicin ta tarar da ni cikin tururi ta yi mini fifita, zumar da ta kashe mini ɗanɗanon sukari, barkonon da na ci na zub da hawaye na kuma miƙa kwano a ƙaro! Ina gaishe ki gaisuwa mai tsawo, wadda ta fi duk taliyar da hannuna ya taɓa ja, kuma kin san ni ba na tsinka ta a hanya.

Bayan haka, yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina kiran wayarki wata mata tana amsawa tana ce mini a kashe take. Na haddace muryar matar nan, har na fara jin nauyinta. Shi ya sa na koma ga alƙalami. Zan naɗe takardar nan in sa a jakar Ummanki, Hajiya Nagwa, gobe in ta zo sayen romon da take rantse wa Abbanki cewa ita ta dafa. In kin ga tabo a gefen shafin farko, maiƙo ne. Hawayen suna can gaba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Abbanki zai faɗi maganarsa ta ƙarshe a kaina, haka ya ce. Na kuma sami labari uwar likitan haƙorin nan na hawa na uku ta hau benenku sau biyu a makon nan da faranti a hannu, tana ba da labarin ɗanta kamar shi ya haƙa kogin Nilu. Kwana uku suka rage mini a duniya, Sawsan. Ki karanta har ƙarshe, sannan in kin ga dama ki kunna murhu da ita.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagonmu? Ni dai in na manta da ita, to na manta da sunana. Ke da ƙawarki kuka zauna a teburin da ke kallon kicin, ni kuma ina jan taliya, ina lilo da ita ina makawa a katako. Kika ƙare mini kallo, kika ce wa ƙawarki, ko rage murya ba ki yi ba: "Hannu dai ma sha Allah, amma dubi fuskar, kamar wanda aka cinye wa gado." Sannan kika juyo gare ni, kika ɗaga yatsu biyu, kika daddatsa magana da ƙarfi yadda ake yi wa kurma: "Ta-li-ya. Bi-yu." Na ce, "To Hajjaju, da yaji ko babu? Gadon kuwa ba a raba ba tukuna, mai shi yana can ciki yana yanka nama." Ƙawarki saura kaɗan ta shige ƙarƙashin tebur. Ke kuwa fuskarki ta yi ja kamar man barkonon da ke gabanki, amma ba ki gudu ba. Kika ce, "Da yaji. Kuma ka yi murmushi mana, ai ba a biyan haraji a kansa." Wayyo Allah! A nan taliyar da ke hannuna ta faɗi ƙasa, zuciyata ta bi ta, kuma har yau ɗaya ce kawai aka tsince.

Kin san yadda rayuwata take. A layin nan aka haife ni, a layin nan aka fasa mini kai wajen ƙwallo, amma duk direban tasi da na shiga motarsa sai ya yi mini barka da zuwa Masar, ya tambaye ni ko na ga dalar Giza. Sau ɗaya Baba ya kai ni Linxia garinsu a ƙasar Sin, dangi suka taru suna kallona ina neman burodi in dangwali miya, suka raɗa mini Balarabe. A nan Basine, a can Balarabe. Ke ce mutum ta farko da ta kira ni Ilyas ba ta ƙara komai a kai ba. Don me zan bari likitan haƙori ya raba ni da wannan?

To bari in zo ga ranar Alhamis ɗin nan da ta rushe ni, domin ke kin ji ta ne daga bayan labule, ni kuwa a cikinta na zauna.

Baba ya sa farar hularsa ta Idi. Ya buɗe akwatin da ban taɓa ganin an buɗe ba, ya fito da curin ganyen shayi mai tauri kamar bulo, naɗe cikin takarda. Kakata ce ta sa masa shi a jaka ranar da zai baro gida, shekara talatin da suka wuce, ta ce kada ya kwance sai ranar da zai je nema wa ɗa aure. Wannan shayin ya ƙetare teku, ya yi hayar ɗaki huɗu tare da mu, ya ga shekarun da muka ci gaya ba miya, ba a taɓa shi ba. Da muka iso ƙofarku Baba ya miƙa wa Abbanki shi da hannu biyu, ya rusuna, ya ce, "Ustaz, ku yi haƙuri da wannan. Ɗan tarkacen ganye ne, tsohon abu, bai cancanci gidanku ba." Abbanki kuwa mutum ne da ya yi shekara talatin da biyar yana magatakardan kotu, ya saba mutum in ya faɗi abu a kan kayansa, to haka ne. Ya miƙa wa Ummanki, Ummanki ta miƙa wa Sobhi maigadi. Washegari da idona na ga Sobhi a bakin ƙofa yana tafasa gadon kakata a gwangwani, ya zuba sukari cokali biyar, yana ce mini, "Kai, shayinku ƙasa-ƙasa yake yi a baki."

Muka zauna a falo. Ina jin ƙarar kofuna daga kicin, na san Ummanki ta riga ta dama jan sharbat ɗin da ake fitowa da shi in an karanta Fatiha. Abbanki ya gyara zama ya fara: 'yarsa ce ta ɗaya a ajinsu tun daga firamare, 'yarsa in ta kaɗa miyar lalo maƙwabta sai sun leƙo, 'yarsa mutum bakwai suka zo nema ya sallame su. Duk gaskiya ne, hasken raina, ya ma rage. Amma na lura Baba yana ta mutsu-mutsu a kujera, yana satar kallon taga kamar wanda ke jiran wani abu ya faɗo.

Sai aka zo kan Baba. Da ma a ce Larabcinsa bai nuna ba, da na ce miki kuskuren harshe ne! Ina! Mutumin da ya yi shekara takwas a Azhar kafin ya koma tukunya. Ya gyara murya kamar mai huɗuba, ya ce:

"Ustaz, 'yarku fure ce. Abin da ke ba ni kunya shi ne na zo roƙon a dasa ta a kan kashin shanu. Wannan da kuke gani a zaune malalaci ne. Kansa kamar dutsen niƙa, sai an tura yake juyawa. A makaranta benci ya ɗumama. Taliya ma, shekara goma sha biyar ina koya masa, har yau igiyar shanya yake ja wa mutane. Kyau kuwa ga shi nan kuna gani, tun yana zanen goyo Mummuna muke kiransa a gida. In kun ba shi, sadaka kuka yi, Allah ya ba ku lada."

Ni kuma na ce, "Haka ne, Baba."

Na sani. Na san wannan ce ta ƙona miki rai. Maganarki ta ƙarshe kafin ki kashe waya tana nan a kunnena: "Ana yanka ka a falonmu kana gyaɗa kai kamar ƙadangare! Namijin da ya kasa kare kansa a kan kujera, ni a ina zai kare ni?" Amma ki ji tsakani da Allah: ni a lokacin murna nake yi. A wurinmu haka ake neman aure. Ka ɗaga 'yar mutane sama, ka tattake naka ɗan, gwargwadon tattakawar gwargwadon girman da ka ba masu gida. Yabon ɗanka a gaban baƙi kamar ka tsaya a tsakiyar falo ne kana susar ciki. Ban taɓa jin Baba ya zuba fasaha irin ta ranar ba. Da ya kawo maganar kashin shanu, cewa na yi a raina, shi ke nan, an ba mu!

Abbanki ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Alhaji Harun, kun tabbata da abin da kuka faɗa?" Baba ya ce, "Na ma taƙaita, don kada in cinye muku lokaci." Abbanki ya juyo gare ni: "Kai ɗana, kana da ja?" Na ce, "Babu, Baba Ustaz," har da murmushin da kika koya mini. Sai ya mai da tabarau ya ce, "To. Na ga iyaye ɗari da suka yi ƙarya don su fitar da 'ya'yansu. Ban taɓa ganin wanda ya yi ƙarya don ya tura nasa ciki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga kuma wanda ake magana a kansa ya amsa da bakinsa. Nagwa, kawo shayi."

Shayi, Sawsan! Baƙin shayi! Ummanki ta fito da tire, guɗar da ta tanada tun safe tana maƙale a wuyanta, ta dire mini kofi kamar mai ba da maganin ɓera. Jan sharbat kuwa na ji an ce yaran hawa na biyu suka shanye.

Muna saukowa daga bene Baba yana ta shafa gemu. Ya ce, "Abu ya yi kyau. Sai dai mutumin nan, me ke damun 'yarsa? Wanda ya yabi kayansa haka, ko dai tana ɗingishi ko tana duka." Na ce lafiyarki ƙalau. Da muka kai titi ya ce a hankali, kamar ba da ni yake ba, "To shi ba ya jin tsoro?" Ban gane tambayar ba a ranar.

Da kika kashe waya na fahimci inda aka kwana. Mako guda ina bin Baba daga tukunya zuwa tukunya ina roƙo, har ya yarda mu koma shekaranjiya Lahadi. A cikin bas na yi ta biya masa karatu kamar ɗan allo: ɗana mai ƙwazo ne, ɗana mai amana ne, ɗana gwani ne. Jimla uku kacal! Ya maimaita su tsaf har kwandasta ya ce amin. Muka shiga falonku, ya zauna, gumi ya keto masa. Ya buɗe baki ya rufe. Ya ce, "Ustaz, na zo in gyara maganata. Yaron nan..." Agogon bangonku ya yi ta tafiya. "Yaron nan ba ya sata." Abbanki ya ce to. "Yana cin abinci sosai." Abbanki ya ce ma sha Allah. Baba ya kalle ni sama da ƙasa yana neman abin da zai kama, can ya ce, "Kuma haƙoransa cikakku ne." Abbanki ya ce, "Alhaji, aure kuka zo nema ko jaki kuka kawo mini talla?" Garin gyaran gira muka rasa ido. A nan ne ya ce mu saurare shi ranar Juma'a, don dai kada ya kore mu da shayi a baki.

Yanzu ga shafin hawayen. Da muka fito, a gaban mai matse rake, na yi wa ubana abin da ban taɓa yi ba. Na ɗaga masa murya a titi. Na ce, "Shekara ashirin da bakwai, Baba, kalma ɗaya ba ka taɓa ba ni ba. Al'ada ce ta hana ka, ko kuwa dai ka duba ne ba ka samu ba?" Ya cire hularsa ya kalli cikinta, ya mayar, ya kama hanya shi kaɗai. Kuma zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba: na fara yarda da Abbanki. Na ce wataƙila mu ne muke ruɗin kanmu da sunan al'ada, wataƙila mutumin nan gaskiyarsa yake faɗa tun ina yaro, ni ne nake fassara ta yadda za ta yi mini daɗi. Wannan tunanin ya fi rashin muryarki ciwo, kuma kin san rashin muryarki ba ƙaramin abu ba ne.

Jiya Litinin taliya ta ƙi ni. In ja ta tsinke, in sake murzawa ta tsinke, abin da rabona da shi tun ina ɗan shekara goma sha huɗu. Baba ya tafi kasuwar nama. Sai Mama ta zo ta bayana ta ƙwala mini ludayi a kafaɗa. Ta ce, "Kai Mummuna, zauna nan. Fulawa ba ta yi maka laifi ba."

Na san ina da wa da ya rasu a Linxia kafin a haife ni, sunansa Dawud, amma iyakar sanina ke nan, don ba a zancensa a gidanmu. Mama ta ce, "Da aka haife shi ubanka haukacewa ya yi. Ya sa shi cikin rigar sanyinsa ya zaga kasuwa rumfa-rumfa yana cewa ku zo ku ga ɗana, duk garin nan babu mai goshinsa. Tsofaffi suna ce masa kai Harun, rufe bakinka, ba a yin haka. Ya yi musu dariya. Wata takwas yaron ya yi. Zazzaɓin kwana biyu, cikin sanyi." Ta ce bayan an binne shi ne Baba ya nemi gurbin karatu a Alƙahira, don ya kasa bin ta kasuwar nan. Ta ce, "Ya san ajali na Allah ne, shi yake koya wa wasu. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Da aka miƙa masa kai a asibiti, cewa ya yi, kai, wannan mummuna ne. Tun ranar yake gadin ka da bakinsa."

Ita kuwa Mama ba ta iya barin mutum ya yi baƙin ciki cikin kwanciyar hankali ba. Ta kama kunnena ta juya ni wajen ƙofar kicin, ta nuna sama da ludayi. Kin san jar takardar nan da ke manne a can, wadda tururi ya kwashe wa launi, mai rubutun Sinawa da baƙar tawada? Kin sha zama a ƙarƙashinta. Ta ce, "Karanta." Na ce, "A wanke hannu."

Ki fahimce ni, sanyin idona. Harshen gida ina jinsa ina mayarwa, amma rubutun ya gagare ni. Duk ranar da Baba ya zaunar da ni da tawada, ta taga nake ficewa wajen ƙwallo. Harafi uku na tsira da su a duniya: Min sunan gidanmu, naman sa, da hannu. Da na ga hannu har sau biyu a takardar, kuma a ƙofar kicin, me kike so in ce? Shekara huɗu ke nan duk wucewar da zan yi sai na tsaya a famfo na wanke hannu. Ko jami'an duba tsafta da suka zo bara ni na nuna musu ita da alfahari, suka yaba mana.

Mama ta sake ƙwala mini ludayi. Ta ce, "Dutsen niƙa! A nan kam ubanka bai yi ƙarya ba." Ta hau kujera ta bi rubutun da yatsa, harafi-harafi, ta karanta mini:

Hannun ɗana ya wuce hannun ubansa.

Ta ce wani tsoho ne mutumin Lanzhou, garin gwanayen taliya a ƙasar Sin, ya ci taliyar da na ja a nan shekara huɗu da suka wuce, ya kira Baba ya riƙe masa hannu ya ce rabonsa da irin wannan tun yana saurayi a gida. Baba bai ce masa ni na ja ba, bai kuma ce shi ya ja ba. Washegari da safe ya niƙa tawada ya rubuta, ya manna a inda kowa zai gani sai mutum ɗaya. Shekara huɗu, Sawsan! Duk ɗalibin da ya zo daga ƙasar Sin ya zauna cin abinci sai ya ɗaga kai ya karanta, ya kalle ni ya yi murmushi. Ni kuwa ina ɗauka fuskata suke yi wa dariya, har wasu nakan rage musu nama.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Na tsaya a famfon nan dai, inda na saba, na yi kuka har Mama ta ce in matsa tana da wanke-wanke.

Yau da safe na tarar da Baba yana yanka nama. Na tsaya ƙarƙashin takardar na ce, "Baba, me aka rubuta a nan?" Bai ɗago ba. Ya ce, "A wanke hannu." Na ce, "Mama ta karanta mini." Wuƙar ta tsaya. Ya ce, "Uwarka idonta ya yi rauni." Sai ya jawo kujera ya hau, na ce yanzu zai yage ta in rasa shaidata. Ashe gefe ɗaya ne ya ɓamɓaro. Ya gutsuri ƙullu ya shafa a bayanta, ya danne da babban yatsa har ta kama. Ya sauko yana goge ido da hannun riga, kuma nama yake yankawa, balle a ɗora wa albasa laifi. Ya ce, "Me ka tsaya kallo? Ƙullunka ya yi ruwa. Je ka gyara."

To ga roƙona, ke da numfashina yake hannunki. Ki kawo Abbanki shagonmu jibi Alhamis bayan azahar, lokacin da ɗalibai suke cika tebura. Ki gaya masa an sami sabuwar shaida, rubutacciya, da hannun mai shaidar farko, kuma ta girmi ta baki da shekara huɗu. Shi ya san wadda ta fi nauyi a cikinsu, ba sai na koya masa aikinsa ba. Kada ya yarda da fassarata ko ta Mama. Ya zaɓi ɗalibai uku da kansa, waɗanda ba su san juna ba, ya kira su ɗaya bayan ɗaya su karanta masa. In yana so ya rantsar da su, akwai Alƙur'ani a kan kanta. Abu ɗaya kawai: kada ya tambayi Baba. Zai ce a wanke hannu, kuma zai faɗa da Larabcin da babu mai iya ja da shi. Shayin kakata ma na ƙwato rabinsa daga hannun Sobhi, bayan na yi masa alkawarin taliyar mako guda. Za a dafa shi yadda ya kamata, ba a gwangwani ba.

Ni kuwa ga alkawarina. Ƙadangare ya mutu, Sawsan, kin kashe shi. Duk wanda ya taɓa ki da magana, ko da a kan kujerar falo ce, zai ga miƙewata. Zan yabe ki da safe, in yabe ki da rana, in fito baranda in yabe ki har mai sayar da gas ya daina buga tukunyarsa ya saurara, kuma kowane yabo zan rufe shi da ma sha Allah don hankalin Baba ya kwanta. In Allah ya ba mu 'ya'ya zan faɗa musu a kunne da Larabci, kakansu ya rubuta musu a bango da tawada, ni kuma in zauna tare da su a tabarma mu koyi karantawa, don kada a sake samun mai wanke hannu a zuriyarmu. Shin kogi yana gajiya da gangara? Shin dabino yana ƙaura daga inda ya kafa saiwa? To ni ma haka, ko wayarki ta shekara a kashe.

Abin da ba zan iya yi miki alkawarinsa ba shi ne bakin Baba. Ba zai canja ba. Ranar Alhamis ɗin can ya kira ki fure, kika ji daɗi, amma ki sani a wurinsa fure na lambun wasu ne. Nasa na gida ba ya kiransu haka.

Shi ya sa na ajiye miki wannan a ƙarshe. Ɗazu da rana ina jan taliya, ta kuma daina tsinkewa, sai na ji shi a bayana yana magana da tukunya. Ya ce, "Waccan mai taurin kan, wadda har yau ba ta iya riƙe tsinken cin abinci ba, mai cika wa mutane kunne da surutu, kwana nawa ke nan ba ta zo ba? Ka ajiye mata ƙashin nan mai ɓargo. Ramammiya da ita kamar kara, ko wa zai aure ta oho."

Ludayi ya faɗi daga hannun Mama. Sawsan, ya kushe ki! Daga sama har ƙasa, bai bar miki komai ba! Wallahi ko ni sai da na yi kishi. Ina taya ki murna, kin shigo gida tun Abbanki bai kawo sharbat ba.

Ƙashin yana nan a tukunya, na rufe shi da faranti. Ki zo jibi kafin Baba ya ƙara wata maganar a kanki in kasa riƙe kaina.

Naki, yau da gobe da ranar da hannun nan zai gaza jan taliya, wanda ba shi da wata sai ke, malalaci, dutsen niƙa, mai cikakkun haƙora,

Ilyas ɗan Min Harun,
wanda a gida ake kira Mummuna